Labarin Zuciya, A Tambayi Hannu

 Maudu'in wannan mako zai sosa wa wasu rai, kuma mu da muka rubuta shi muna cikin waɗanda zai sosa, don haka kada wani ya ga kamar da shi kaɗai ake.

Akwai wata fitowa guda ɗaya da kusan dukanmu mun taɓa rubutawa. Tauraruwar labari ta ji mummunan labari, ko mota ta buge ta, ko ta haihu. Sai ta yanke jiki ta faɗi. A kawo ruwa a yayyafa mata. In ba ta farfaɗo ba a kwashe ta sai asibiti, nas-nas su turo gado a guje, a rufe ƙofa. Dangi su yi ta kai da komo a baranda. Can bayan awa biyu likita ya fito yana share gumi, ya cire tabarau, ya ce wane ne mijinta, ya biyo shi ofis. A ofis ɗin kuma maganar ɗaya ce tal: jininta ne ya hau, a guji ɓata mata rai. Mun karanta wannan a littafin kasuwa, mun karanta a Wattpad, mun karanta a WhatsApp shafi bayan shafi, har ta zama kamar hatimin da ake buga wa kowane labari kafin a sake shi. Duk tsawon fitowar babu wanda ya taɓa hannun yarinyar nan, in ban da saurayin da ya riƙe shi yana kuka, shi ma bai gaya mana da ɗumi ya ji shi ko da sanyi ba.

Ƙarar da muka shigar yau ita ce: wannan fitowa tana koya wa masu karatu su jira abin da bai kamata a jira ba. Tana koya musu cewa haɗari yana zuwa ne da faɗuwa da ihu da jini male-male, alhali jikin da ke shirin mutuwa yakan yi awanni yana magana ƙasa-ƙasa kafin ya faɗi. Da hannu yake maganar, da ƙafa, da farce, da fitsarin da ya ɗauke.

A watan Maris na 2025 gwamnatin Jihar Kebbi ta sanar da ɓarkewar ciwon da ake zargin sanƙarau ne. A sanarwar farko mutum 26 ne suka rasu cikin 248 da ake zargin sun kamu, 15 daga cikin mamatan a ƙaramar hukumar Gwandu, sauran a Jega da Aliero da Argungu. Daga baya adadin ya haura haka. Duk wanda yake Gwandu a lokacin ya san yadda gari ya kasance: zafin bazara, ƙura, da salatin da kan tashi daga wani gida kafin a gama zaman makokin wani.

A cikin wannan bazarar ne ɗiyar maƙwabtanmu, 'yar shekara bakwai, ta kwana da zazzaɓi. Da hantsi aka kira mu, don a unguwa mu ake yi wa kallon masu boko, mun je kwalejin fasaha mun karɓo difloma, muna rubuta littafi. Muka shiga. Yarinya tana kwance shiru, tana cewa ƙafafunta na ciwo. Uwar ta ce: “Jikinta da zahi, amma ku taɓa hannuwanta ku ji, sun yi sanyi, ga zuhwa ta karyo.” Muka taɓa. Sanyi kamar gindin randa, a ranar da ko ruwan buta sai ka jira ya huce kafin ka yi alwala. Muka lanƙwasa wuyanta, ya lanƙwasu. Sai muka ce alhamdu lillahi, ba sanƙarau ba ne, zazzaɓin ne ya fara sauka, a bar ta ta yi barci. Da bakinmu muka faɗa. Bayan la'asar aka ɗora ta a kabu-kabu tsakanin baffanta da direba, ba ta kai ga gadon asibiti ba.

Daga ina muka samo wannan fatawar? Mun yi ta bincikar kanmu. Ba a makaranta aka koya mana ba, don mu ba fannin lafiya muka karanta ba. A labarai muka tsince ta. Sau nawa muka karanta, sau nawa muka rubuta da hannunmu, cewa gumi ya karyo wa majinyaci, jikinsa ya yi sanyi, alamar sauƙi ya samu?

Ga abin da da mun sani. A 2006 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani bincike da aka yi a Birtaniya a kan yara 448 da ƙwayar cutar sanƙarau ta kama, 103 daga cikinsu sun rasu. Masu binciken sun bi iyaye sun tambaye su abin da suka fara gani, awa bayan awa. Sai aka gano cewa alamun da kowa ya sani, wato sanƙarewar wuya da ƙurajen da ke fitowa a fata da gushewar hankali, a makare suke zuwa, tsakanin awa 13 zuwa 22 da fara ciwo. Amma kashi 72 cikin ɗari na yaran sun nuna wasu alamu tun wajen awa 8: ciwon ƙafafu, sanyin hannu da ƙafa, da canzawar launin fata. Biyu cikin ukun nan suna gabanmu a ɗakin nan, muka tsallake su muka tafi neman wuya.

Likitoci suna da suna ga halin da yarinyar ta shiga. Suna ce masa shok. Nan ma akwai inda muke tafka kuskure, domin da yawanmu in mun ci karo da kalmar a rubutun Turanci sai mu fassara ta da firgita ko kaɗuwa, wasu ma hankalinsu ya tafi ga shokin ɗin wutar lantarki. A bakin likita ba wannan ake nufi ba. Ana nufin zagayawar jini ta gaza, jini ya daina isa ga gaɓoɓi yadda zai wadace su da iskar da suke rayuwa da ita. Mu a nan za mu kira shi durƙushewar jini, wanda yake da kalmar da ta fi wannan ya kawo, muna so. Hanyoyinsa da yawa. Jini ya zube, kamar a haɗarin mota ko haihuwa. Ruwan jiki ya ƙare, kamar a amai da gudawa. Ƙwayar cuta ta shiga jini ta sa jijiyoyi su saki, ruwa ya riƙa tsiyayewa daga cikinsu. Ko ita zuciyar kanta ta gaji.

Duk wanda ya taɓa noman rani a fadamar Kalgo ya san abin da ake yi in rijiyar burtsatse ta fara ja baya. Ba a raba ɗan ruwan da ya rage daidai wa daida. Toshe hanyar fangalolin nesa ake yi a tura shi inda ya fi muhimmanci. Haka jiki yake yi. Da jini ya fara ƙaranci sai ya matse ƙananan jijiyoyin fata da na hannu da ƙafa da hanji da ƙoda, ya tattara abin da ya saura ga ƙwaƙwalwa da zuciya. Shi ya sa hannu ke sanyi alhali ƙirji na ci da wuta. Shi ya sa fitsari ke ɗaukewa. Zuciya kuma ta ƙara sauri don ta cike giɓi, numfashi ya biyo ta. Wannan dabara tana aiki na ɗan lokaci, kuma aikin da take yi shi ne yake yaudarar mutane: majinyaci yana magana, yana gane kowa, in an ɗaura masa abin awon jini a dantse ma sai a ga lamba mai kyau. Babban mutum yana da jini kusan lita biyar, kuma matashi mai ƙarfi yana iya zubar da abin da ya kusa lita ɗaya da rabi kafin awon jininsa ya faɗi. Yara sun fi kowa iya wannan ɓoyo, sukan riƙe awon jininsu har dab da ƙarshe, sannan su zube lokaci guda. Sumar da muke buɗe fitowarmu da ita, a zahiri kusan shafin ƙarshe ce.

Kuma ku lura da wani abin kunya: a labaranmu kullum jini hawa yake. Wadda mota ta buge jininta ya hau, wadda ta haihu jininta ya hau, wadda ta kwana tana gudawa jininta ya hau. Hawan jini ciwo ne na gaske, ga mai ciki ma yana iya kawo jijjiga. Amma wanda jini ya zube masa faɗuwar jini ce ke jiransa.

To me ake dubawa? Babu ɗaya cikinsu da ke buƙatar wutar lantarki.

Na farko ɗumin hannu da ƙafa. Ba taɓawa ɗaya a janye ba. A sa bayan hannu a yatsun ƙafa, a riƙa jan sa sama sannu a hankali ta kan ƙwauri zuwa gwiwa, a ji inda sanyi ya ƙare ɗumi ya fara. In iyakar tana idon sawu, wani hali ne. In ta hau har gwiwa, hali ya fi tsanani. In an dawo bayan rabin awa an tarar iyakar ta ƙara hawa, to ana cin ƙasa. Marubuci, dubi abin da ke hannunka a nan: uwa tana auna mutuwar ɗanta da bayan hannu, taƙi bayan taƙi, tana komawa tana sake aunawa ko ta yi kuskure. Wace share gumin likita ce za ta kai wannan tayar da hankalin mai karatu?

Na biyu dawowar jini a farce. Ku gwada a kanku yanzu. Ku danne farcen babban yatsa da ƙarfi ku ƙirga biyar, zai yi fari. Ku saki. A mai lafiya jan yakan dawo kafin a ƙirga biyu. In ya wuce daƙiƙa uku bai dawo ba, ƙananan jijiyoyi sun matse. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗora wa ma'aikatan da ke tantance yara a ƙofar asibiti alamu uku, in sun haɗu a yaro to an ɗauke shi yana cikin durƙushewar jini, ba ya bin layi: sanyin hannu, farcen da ya wuce daƙiƙa uku, da bugun jini mai sauri marar ƙarfi.

Za a ce wannan ai dabarar talakawa ce, ta inda babu kayan aiki. To a 2019 mujallar JAMA ta Amurka ta buga wani gwaji da likita Glenn Hernández na ƙasar Cile ya jagoranta, a ɗakunan kulawa ta musamman 28 a ƙasashe biyar na Kudancin Amurka. Majinyata 424 da ƙwayar cuta ta durƙusar da jininsu aka raba gida biyu. Rabi ana bin gwajin jini na ɗakin bincike wajen yanke shawarar maganinsu, rabi ana bin danna yatsa. Cikin kwana 28 kashi 43.4 suka rasu a rukunin gwajin jini, kashi 34.9 a rukunin yatsa. Masu binciken sun yi adalci sun ce tazarar ba ta kai matsayin da za a rantse a kai ba ta fuskar lissafi. Amma ko a haka, yatsa bai ji kunya ba a gaban na'ura, a ɗakunan da kowace irin na'ura take.

Na uku bugun jini a wuyan hannu, ta gefen babban yatsa. A babba mai hutawa 60 zuwa 100 ne a minti. In ya haura haka kuma ya zama siriri kamar zare, yana ɓacewa ƙarƙashin yatsa, a ji tsoro. Ma'aikatan lafiya suna da wani ɗan lissafi da ko ɗan firamare zai iya: a raba yawan bugun da lambar sama ta awon jini. Mai lafiya yakan ba da 0.5 zuwa 0.7. Mai jego da bugunta ya kai 120, awonta na sama 100, ta ba da 1.2. Wanda ya kalli 100 ɗin kaɗai zai ce lafiya lau. Wanda ya haɗa biyun ya san a nemo jini tun yanzu.

Sauran a taƙaice: numfashi da sauri, ƙishirwa mai tsanani, fitsari ya ɗauke ko ya zama kaɗan ja wur, da canjin hali. Wannan na ƙarshen ya cancanci a tsaya a kansa. Ƙwaƙwalwar da jini ya fara yi wa ƙaranci ba lallai ta yi shiru ba. Wani rashin natsuwa yake fara yi, ya ƙi kwanciya, ya yi ta fizge-fizge, ya yi maganar da ba kai. A littattafanmu me muke kiran wannan? Iska. Mutanen ɓoye sun taɓa ta, a kira mai ruƙiyya, a kunna hayaƙi. Ba mu zo jayayya da kowa a kan aljanu ba. Muna cewa ne matar da ta haihu awa biyu da suka wuce, ta fara sambatu, hannunta sanyi, a ɗaga zaninta a duba kafin a aika kiran kowa.

Dole mu faɗi iyakar waɗannan alamu, kada mu gudu daga wani kuskure mu faɗa wani. A cikin hunturu hannun kowa sanyi yake, farcen mai lafiya ma yakan yi nawa, musamman tsofaffi. A irin wannan lokaci a danna fatar tsakiyar ƙirji maimakon yatsa. A duhu ba a ganin komai, a haska fitila. Sannan akwai majinyacin da ƙwayar cuta ta shiga jininsa amma a farkon lamarin hannunsa da ɗumi, don jijiyoyinsa saki suka yi ba matsewa ba, saboda haka ɗumin hannu ba takardar sallama ba ce in bugu da numfashi suna gudu. Alama ɗaya ba ta yanke hukunci. Taruwarsu ake dubawa, da kuma inda suka dosa daga wannan awa zuwa waccan.

Akwai kuma matsalar da ta shafe mu mu baƙaƙe. Yawancin littattafan likitanci a kan farar fata aka rubuta su. Za ka ga an ce majinyaci ya yi fari fat, ko leɓensa ya yi shuɗi, ko fatar gwiwarsa ta yi dabbare-dabbare. A 2011 wasu likitoci a Faransa sun fitar da ma'auni daga 0 zuwa 5 na yadda wannan dabbare-dabbaren ke bazuwa daga ƙoƙon gwiwa, suka nuna yawan bazuwarsa yana tafiya da yawan mutuwa. Ma'auni ne mai amfani, amma a gwiwar manomin Diggi ko Zuguru da ƙyar za ka gan shi. Wannan giɓin ne ya sa wani ɗalibin likitanci a Landan, Malone Mukwende, ya haɗa kai da malamansa suka fitar da ɗan littafi a 2020 mai nuna yadda alamun cuta ke bayyana a baƙar fata. Mu kuma da muke da fatar a jikinmu, sai mu kwafo “fuskarta ta yi fari fat” daga fassarar finafinan Indiya mu manna wa Bagwandiya. Baƙin mutum in jini ya janye daga fatarsa toka-toka yake yi, ya dushe, kamar an shafa masa habɗi. Inda ake ganin farin shi ne tafin hannu, tafin ƙafa, cikin leɓe, harshe, da cikin fatar ido ta ƙasa in an ja ta. Ƙurajen sanƙarau ma, waɗanda ba sa ɓacewa in an danna su da gilashin kofi, a waɗannan wuraren aka fi saurin ganinsu.

Ga wani abu da ba za ka samu a littafin Landan ba, sai a namu in mun ga dama mun rubuta: lalle. Amarya da mai ciki da ta yi kwalliyar jiran suna, farce ja, tafin hannu ja ko baƙi. Ta ina za ka ga dawowar jini? Dole a koma cikin leɓe da fatar ido da ƙirji. Sau dubu mun kwatanta lallen amarya a labari, zanensa da kamshinsa da yadda ango ya kalle shi. Ba mu taɓa tunanin zai iya ɓoye mutuwarta ba.

Mun san abin da za a ce, don an riga an faɗa mana a zaman ƙungiya da muka fara tayar da maganar. Wani ya ce mu marubutan ƙirƙira ne, ba malaman asibiti ba, mai son ilmin lafiya ya je makarantar koyon jinya. Amsarmu ita ce, mun riga mun zama malaman asibiti tun ranar da muka sa likita a labari muka ba shi magana. Yarinyar da ke Dalijan ko Kambaza, wadda aka cire daga makaranta a aji uku na sakandare, ba ta karanta mujallar Lancet, amma tana karanta mu kowane dare a wayar yayanta. Abin da ta sani game da asibiti, rabinsa daga gare mu ta ji. Tunda koyarwar muke yi ko mun so ko mun ƙi, saura kawai mu zaɓi abin da za mu koyar.

Wata kuma ta ce bincike yana kashe daɗin labari. Wannan ita ta fi ba mu mamaki, domin mu ne fa muke ɓata shafi uku wajen lissafa kayan lefe, mu faɗi sunan kowane leshi da kowane turare, mu san ƙirar motar da Alhaji ya hau da launin kujerunta. Wannan ba bincike ba ne? Mun bincika abin da muke sha'awa ne kawai. Daga Gwandu akwai babban asibitin gari. A Kalgo ga cibiyar lafiya ta jiha, ga Jami'ar Tarayya a kan hanyar Bunza. A Birnin Kebbi ga asibitin tunawa da Sir Yahaya. Babu ɗayanmu da ba shi da ɗan uwa ko abokiyar karatu nas ko unguwarzoma. Rabin awa da katin waya sun isa a tambaye ta: in an kawo miki mai zubar jini, me kike fara taɓawa?

Na uku shi ne wanda ya ce ajali in ya zo babu makawa. Haka ne, kuma da wannan muka yi wa uwar yarinyar nan ta'aziyya, da shi muke lallashin kanmu. Amma ba mu taɓa ganin wanda ya ƙi kauce wa mota don ajali ba.

Mu dawo kan masu jego, don a nan ne alƙalaminmu ya fi yin ɓarna. A labaranmu haihuwa tana ƙarewa da kukan jariri, sai guɗa, sai a yanko maganar suna. A zahiri awannin da ke biye da kukan nan su ne mafi haɗari ga uwa. Zubar jinin da ya kai rabin lita bayan haihuwa shi likitoci ke ɗauka ya wuce kima, kuma ido ba ya iya auna shi, zani da tsumma da katifa suna shanyewa. Ga shi mai ciki jininta yakan ƙaru sosai kafin haihuwa, don haka takan daɗe tana zubarwa tana murmushi. A 2023 aka buga sakamakon wani babban gwaji a asibitoci 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata sama da 200,000. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororinsa. Abin da aka yi bai wuce shimfiɗa wata leda mai ma'auni a ƙarƙashin mai haihuwa don a ga yawan jinin da ido ba, sannan da an ga ya kai, a haɗa magungunan gaba ɗaya a lokaci guda maimakon ɗaya bayan ɗaya. Munanan sakamakon zubar jini suka ragu da kashi 60 cikin ɗari. Sirrin duka gani da wuri ne. Matar da ta haihu a ɗaki a Malisa ba ta da wannan ledar. Abin da take da shi hannun kishiyarta ne ko na uwar mijinta, da abin da hannun ya sani.

Kada kuma mu gyara fitowar suma mu faɗa fitowar ƙarin ruwa, don ita ma tana nan: da an rataya leda an soka allura, shi ke nan tauraro ya buɗe ido. A 2011 an yi gwaji a kan yara 3,141 masu zazzaɓi mai tsanani da alamun gazawar jini a Yuganda da Kenya da Tanzaniya. Waɗanda aka ɗura wa ruwa da sauri sun fi mutuwa cikin awa 48, kashi 10.5, a kan kashi 7.3 na waɗanda aka bi a hankali. Likitocin da suka yi gwajin kansu ba su zaci haka ba. Mai amai da gudawa ba ya cikin wannan lissafi, shi ruwa ne ransa, tun daga ruwan gishiri da sukari a gida in yana iya haɗiya. Mai zubar jini kuma a tsayar da jinin a ƙara masa wani. Gane alamar aikin kowa ne, zaɓen magani aikin wanda ya karanta ne, ba na mai kemis da ke rataya ruwa a ƙusar bango ba. Abin da na gida zai yi kaɗan ne kuma a bayyane yake: a kwantar da shi, a ɗaga ƙafafu in babu karaya, a rufa shi, a danne inda jini ke fita da tsumma mai tsabta, in mai jego ce a murza mara har mahaifa ta yi tauri, kada a ɗura wa wanda hankalinsa ya gushe komai a baki, a nemi mota tun yana magana.

Da muka koma kan wani tsohon rubutunmu bayan rasuwar yarinyar nan, mun tarar da fitowar a babi na tara, da ruwan yayyafawa da tabarau da komai. Muka goge ta. A sabuwar, kakar yaro ce zaune a bakin gado da tsakar rana, kowa na cewa ya samu barci. Ta kama ƙafarsa za ta gyara masa kwanciya, sai ta tsaya. Ta ja hannunta zuwa ƙwauri. Ta tambayi uwar rabonsa da fitsari, uwar ta ce tun asuba. Tsohuwa ba ta yi salati ba, ba ta yi kuka ba, ta ce wa ƙanen uban: “Tashi ka tada mashin.” Ya ce Inna rana ta yi zafi, a bari la'asar. Shafi huɗu muka yi a kan gardamar da ta biyo baya, tsakanin tsohuwar da ba ta da hujja sai tafin hannunta da maza uku masu lissafin kuɗin mai. Waɗanda suka karanta mana sun ce nan ne suka fi riƙe numfashi a duk littafin, kuma babu wanda ya suma a ciki.

Aikin wannan mako ke nan. Kowa ya buɗe rubutunsa ya nemo inda wani ya faɗi, ya koma baya awa shida kafin faɗuwar, ya rubuta abin da ke faruwa a ɗakin: wa ke ciki, wa ya taɓa majinyacin, me ya ji, wa ya ce a bari sai anjima. Kada ya wuce kalma 500. Kafin ku turo, ku karanta wa nas ko unguwarzoma ɗaya ta ji, in ta ce ba haka ake yi ba ku gyara. Za mu karɓa har daren Alhamis.